Ma'aunin ruwan sama mai bakin inci 4: amfaninsa da inda yake gazawa a daminar Kaduna

Duk shekarar da ruwa ya yi gardama, ko ya zo ya wuce kima, magana ɗaya ce ke yawo a majalisu da tashoshin mota na Kaduna: ba a taɓa ganin irin wannan damina ba. Wani lokaci gaskiya ne. Sau da yawa kuma an taɓa gani, har an ga wadda ta fi ta, sai dai babu wanda ya rubuta a unguwar. Abin da zai raba gardamar shi ne lissafin milimita nawa suka sauka, a wace rana, a wane wuri. Wannan sharhi a kan kayan aikin da ke ba da wannan lissafi ne, wato ma'aunin ruwan sama na roba mai haske wanda faɗin bakinsa inci 4 ne. Wanda ya fi suna cikin irinsa shi ne Stratus, akwai kuma kwaikwayonsa da dama a kasuwa. Ana samunsa a wurin masu sayar da kayan ɗakin gwaje-gwaje na makarantu, ko a yi odarsa ta intanet. Hukuncinmu tun daga farko: ga manomi, da malamin makaranta, da mai gidan gona, da duk wanda ke son ya kwatanta daminarsa da ta shekarun baya, wannan ya fi na'urar zamani mai batir da ake liƙawa a kan rufi, duk da cewa waccan ta ninka shi tsada sau da yawa.

Idan aka buɗe kwalin, abubuwa huɗu ne a ciki. Akwai babban mazubi mai kama da doguwar kwalba marar wuya, akwai mazurari da ke zama a bakinsa kamar murfi, akwai siririn bututu mai zane-zanen awo da ke tsayawa a tsakiya, sai kuma maƙalin da ake ɗaurewa a jikin turke da sukuru. Ruwa na shiga ta mazurari ya zuba cikin siririn bututun. Bututun na ɗaukar milimita 25, ko inci 1 idan na awon inci ne. Idan ya cika, ragowar na malala cikin babban mazubin, kuma gaba ɗaya suna iya riƙe kusan milimita 280. Da wuya a samu ruwan kwana ɗaya da zai cika shi a ƙasar nan. Dabarar da ke cikinsa ita ce siririn bututun yana miƙar da ruwan sama ya yi tsawo, ta yadda ɗan yayyafin da ba zai rufe gindin bokiti ba sai ya hau bututun har ido ya iya karanta shi. Na awon milimita yana nuna har milimita 0.2. Mai saye ya duba wannan kafin ya biya, domin yawancin waɗanda ake shigowa da su daga Amurka na inci ne, kuma juya lissafi kullum da safe hanya ce ta shigar da kuskure cikin littafi.

Kafin a kafa shi a gwada shi, musamman idan kwaikwayo ne. Gwajin ba shi da wuya. Faɗin bakin santimita 10.16 ne, don haka ruwan sama milimita ɗaya daidai yake da mililita 8.1 a cikin mazubin. A samu sirinji babba daga kemis, a auna mililita 81 na ruwa, a zuba a siririn bututun. Ya kamata ya tsaya a kan 10. A sake da mililita 162, ya tsaya a kan 20. Idan ya kauce da fiye da ɗan zane ɗaya ko biyu, to ba a yi bututun domin wannan baki ba, a mayar wa mai shago. Wannan ita ce cutar da ta fi yawa a masu arha: an haɗa mazurari na wani ma'auni da bututun wani. A kuma sa rula a auna bakin mazurarin ta ɓangare biyu. Idan zafin sito ya lanƙwasa shi ya zama kamar ƙwai, ruwan da zai tara ya canja ke nan.

Me ya sa za a damu da kashi 0.2 na milimita? Saboda milimita ɗaya ba ƙaramin ruwa ba ne. Lita ɗaya ce a kan kowace murabba'in mita, lita 10,000 a kan hekta guda. Rufin kwano mai murabba'in mita 100, idan aka yi ruwa milimita 25, lita 2,500 ce za ta bi indararo. Kuskuren kashi goma cikin ɗari a kowane ruwa, idan aka tara shi a daminar Kaduna da kan kai kimanin milimita 1,200, ya haura milimita ɗari. Wannan kaɗai ya isa ya sa shekarar da ba ta da wani abin mamaki ta fito a littafi kamar shekarar fari.

Wurin kafawa ya fi ma'aunin kansa muhimmanci, kuma a nan ne gidajen cikin gari ke shan wahala. Ƙa'ida ita ce nisan ma'auni daga kowane abu mai tsawo ya kai aƙalla ninki biyu na tsawon abin, in da hali ninki huɗu. Katanga mai mita 3 tana buƙatar nisan mita 6. Bishiyar mangwaro ko dogon yaro mai mita 10 tana buƙatar mita 20. A Tudun Wada ko Unguwar Sanusi ko Rigasa, inda tsakar gida ba ta wuce 'yan taku ba, wannan ba ya samuwa. Sai mutane su hau da shi kan rufi ko kan ƙarfen tankin ruwa, kuma wannan ma matsala ce, domin iska ta fi ƙarfi a sama, tana kaɗa ɗigon ruwa ya tsallake bakin mazurari. Hadarin farkon damina da na ƙarshenta a nan daga gabas yake tasowa da iska mai ƙarfi, ruwan yana zuwa a karkace. Katangar da ke gabas da ma'auni za ta tare shi, ma'aunin da ke kan rufi kuma iska za ta kwashe masa. Duk biyun ƙasa da gaskiya za su nuna. Mafita ita ce filin makaranta, ko harabar masallaci mai faɗi, ko gona, ko filin asibiti, inda akwai mai gadi da zai hana yara wasa da shi.

Turken ya zama katako mai kauri ko ƙarfe, a binne shi sosai, in ƙasar mai laushi ce a zuba masa ɗan kankare, domin ƙasar da ta sha ruwan Agusta takan saki turke ya karkace. Gara na cin katako, don haka a shafa wa gindinsa baƙin mai. Tsawon da ya dace shi ne bakin ma'aunin ya kasance kimanin mita ɗaya daga ƙasa, ya kuma ɗara kan turken da kamar faɗin tafin hannu. A fiƙe kan turken ya gangara baya, don kada ruwa ya faɗo a kansa ya fantsama cikin mazurari. A ari lebur, abin duba daidaiton gini, a wurin magini a ɗora a bakin, a duba gabas da yamma, a duba kudu da arewa. Sukurun da ke zuwa cikin kwalin kan yi tsatsa cikin damina ɗaya ko biyu. Gara a saya waɗanda ba sa tsatsa tun farko.

Karatun kuwa da safe ake yi, a lokaci guda kullum. Bakwai na safe ya dace da yawancin mutane. A ɗaga mazurarin, a zaro siririn bututun, a riƙe shi a tsaye daidai da ido. Saman ruwan ba a miƙe yake ba: gefensa na ɗan hawa jikin roba, tsakiyarsa na lotsawa kamar ƙaramar ƙwarya. Ƙasan lotsawar ake karantawa. Wanda ya leƙa daga sama zai ga ƙari, wanda ya duba daga ƙasa zai ga ragi. Bayan daren da aka kwana ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, za a tarar bututun ya cika fal yana tsaye a cikin ruwan da ya malala. A nan ake yin ɓarna idan aka yi gaggawa. A fara rubuta 25 na bututun, sannan a zubar. A ɗora mazurarin a bakin bututun, a tsiyaya ruwan babban mazubi a hankali, kada a bari ya kai baki, a karanta, a rubuta, a zubar, a sake. Misali 25 da 23.4 da 14.2, jimla 62.6. Mai taka-tsantsan yakan yi wannan a cikin roba mai faɗi, ya kuma ajiye ruwan har sai ya gama lissafi, don in hannu ya goce a iya sake aunawa. Bututun jiƙaƙƙe yana da santsi, kuma in ya faɗi a kan siminti yana tsagewa. Shi ne ɓangaren da ya fi saurin lalacewa, shi ne kuma ba a samun na canji a nan cikin sauƙi. Wanda ke da hali ya sayi biyu tun farko.

Ranar da ba a yi ruwa ba a rubuta sifiri. Wannan shi ne abin da masu farawa suka fi wasa da shi, kuma shi ne ke kashe darajar littafi. Gurbin da aka bari babu komai ba ya nuna ko ba a yi ruwa ba ne, ko mai karatu ya yi tafiya. Idan an yi tafiya ta kwana uku, a rubuta jimlar a ranar dawowa, a ja layi a nuna ta kwana uku ce. Idan yayyafi ya sauka bai kai abin aunawa ba, a sa wata alama ta daban. Raɓar safiya ta watan Oktoba takan tara ɗan ruwa a gindin bututu, kada a lissafa ta cikin ruwan sama.

Dalilin dagewa a kan sifiri yana cikin tarihin ƙasar nan. Tsofaffi sun bar mana sunayen munanan shekaru, kuma sunayen na da daraja, amma wahalar da aka sha suke faɗa, ba yawan ruwan da ya sauka ba. Kakalaba, yunwar 1913 zuwa 1914, fari ne sosai ya kawo ta: ruwan da aka auna a Kano a 1913 bai kai milimita 500 ba, a garin da ya saba samun sama da 800. A lokacin Kaduna ba ta ma zama hedikwatar Arewa ba, sai a 1917 aka taso daga Zungeru, don haka mai neman alƙaluman wannan shekara sai ya nufi na tsofaffin garuruwa irin Kano da Zariya. 'Yar Buhu ta zo a 1927 bayan daminar da ba ta yi kyau ba. 'Yar Gusau ta 1942 kuwa ta faɗo cikin Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da gwamnatin mulkin mallaka ke karɓar hatsi tana kuma kwasar mutane zuwa haƙar kuza a Jos, don haka ba sama kaɗai za a ɗora wa laifinta ba. Wadda ta fi ba da darasi ita ce Muda ta 1953 zuwa 1954. Shekarun 1950 su ne mafi ruwa a yankin Sahel cikin ƙarnin da ya wuce, kuma wannan yunwa yawan ruwa ne ya haddasa ta, ya lalata gero a gona. Wanda ya ji sunan yunwa ya ɗauka fari ne, zai yi kuskure a kan wannan shekara gaba ɗaya.

Daga ƙarshen shekarun 1960 ruwa ya fara ja da baya. Farin 1972 da 1973 shi ne wanda dattawa da yawa da ke raye suka gani da idonsu, kuma a 1973 ruwan Kano ya sake kasa kai milimita 500. Sai na 1983 da 1984, wanda ya haɗu da annobar bushiya da ta kashe shanu masu yawa a Arewa a 1983. Bayan haka abin ya juya. Madatsar Bagauda ta ɓalle a Agustan 1988. Kogin Kaduna ya cika ya shiga gidaje a daminar 2003, ya kuma sake a 2012, inda unguwannin bakin kogi irin su Kigo Road da Unguwar Rimi da Barnawa da Kabala suka fi jin jiki. Ambaliyar 2022 ta kashe sama da mutum 600 a faɗin Najeriya, sannan a ranar 10 ga Satumba 2024 madatsar Alau ta fashe ruwa ya mamaye Maiduguri. Mutumin da aka haifa a 1965 ya tashi cikin shekarun fari, don haka duk daminar kirki a wurinsa babba ce. Wanda aka haifa a 1995 bai ga 1984 ba, don haka tsayawar ruwa ta kwana goma sha biyar a wurinsa abin da ba a taɓa gani ba ne. Dukansu gaskiyar abin da suka gani suke faɗa, kuma littafin awo ne kaɗai zai iya ɗora shekarun biyu a kan sikeli ɗaya.

To a nan ne wannan ma'auni ya yi wa na'urar zamani fintinkau. Tsofaffin alƙaluman da ke cikin rahotannin shekara-shekara na Lardin Zazzau, waɗanda ake iya nema a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, da waɗanda tashar binciken aikin gona ta Samaru ta fara tarawa tun shekarun 1920, duk da ma'aunin hannu aka ɗauke su: mazubi mai mazurari, bakinsa inci 5, mutum ya zo da safe ya tsiyaya ya karanta. Ma'aunin roba mai inci 4 ɗan'uwansa ne a aiki. Abin da ya auna ana iya jera shi kusa da na 1950 ba tare da fargaba mai yawa ba, muddin an kiyaye abu biyu. Na farko, tsofaffin alƙaluma da inci aka rubuta su, sai a ninka da 25.4, inci 40 milimita 1,016 ke nan. Na biyu, a tsarin Ingila ruwan da aka karanta da safe ana rubuta shi a kan ranar jiya, tunda yawancin awannin da ya sauka na jiya ne. Wanda ke rubuta nasa a kan ranar da ya karanta zai ga bambancin kwana ɗaya, wanda ba komai ba ne a jimlar shekara amma yana iya tsallakar da babban ruwa daga 31 ga Agusta zuwa 1 ga Satumba. A zaɓi tsari ɗaya, a rubuta shi a shafin farko na littafin.

Na'urar mai batir kuwa da ɗan cokali mai baki biyu take aiki, kamar lilo. Ruwa ya cika gefe ɗaya, ya rinjaya ya zubar, ɗaya gefen ya karɓa, kowace rinjaya a ƙirga ta milimita 0.2 ko 0.3. A yayyafi da ruwan marka mai sauka a hankali tana yin daidai. A ruwan tsawa irin namu, wanda kan zubar da milimita 30 ko 40 cikin abin da bai kai awa ba, ruwa na ci gaba da zuba a daidai lokacin da cokalin ke juyawa, wannan kuma ba ya shiga lissafi. Asarar na iya kai kashi goma cikin ɗari ko fiye. Ke nan ranar da aka fi buƙatar gaskiya, ranar ruwan da zai iya zama mafi girma a tarihin wurin, ita ce ranar da take rage lissafi. Ga kuma ƙurar hunturu. Wata huɗu tana taruwa a cikin cokalin, ruwan farko ya mayar da ita laka, cokalin ya yi nauyi ta gefe guda. Zanzaro na son ramin mazurarinta: sai ya ɗebo laka ya yi ɗan gini kamar ƙaramin tulu a daidai maƙogwaron, ruwa ya taru a sama yana ɗiga a hankali, allon cikin ɗaki kuma yana nuna sifiri alhali tsakar gida ta cika. Gizo-gizo kan ɗaure cokalin da yana. Batir kan mutu a tsakiyar Agusta ba tare da kowa ya lura ba. Duk waɗannan suna faruwa a ɓoye, a kan rufi. A ma'aunin hannu, in wani abu ya toshe, idonka zai gani gobe da safe.

Ba a ce na'urar ba ta da amfani ba. Ita ce ke nuna ƙarfe nawa ruwa ya fara da kuma ƙarfin saukarsa cikin minti goma, abin da injiniyan magudanar ruwa ke buƙata kuma ma'aunin hannu ba zai taɓa ba shi ba. Mai kuɗin sayen biyun ya kafa su kusa da juna, ya riƙa gyara lissafin na'urar da na hannu. Ma'aunin zafinta kuma sai an yi hattara. Zafin da hukumomi ke sanarwa, irin digiri 48.5 da aka auna a Kayes ta ƙasar Mali a farkon Afrilun 2024 cikin azumi, a inuwa ake ɗaukarsa, cikin farin akwati mai ramukan shan iska, mita ɗaya da 'yan kai zuwa biyu daga ƙasa. Na'urar da aka ɗaure a saman kwano tana shan zafin kwanon ne, za ta ƙara digiri da yawa. Haka ma lambar da ke fitowa a gaban mota da ta yini a rana.

Shi ma ma'aunin hannun yana da nasa aibi, kuma bai kamata a ɓoye ba. Rana ce babbar abokiyar gabarsa. Robar na jure damina, amma in aka bar ta a waje duk rani, shekara biyu ko uku sai ta dushe ta yi ruwan ɗorawa, zanen awon ya yi wuyar gani, ta fara tsagewa. Kwaikwayon ya fi saurin yin haka. Maganinsa a cire shi a tsakiyar Nuwamba, a wanke, a ajiye a ɗaki, a mayar a farkon Maris, domin ruwan farko na bazara yakan zo ba sanarwa, kuma ranar ruwan farko na cikin abubuwan da aka fi son sani. Cikin damina gansakuka na fitowa a gindin bututun. A wanke da ruwan sabulu da ɗan tsumma a kan siririn kara. Soson ƙarfe na goge zanen, ruwan zafi kuma na lanƙwasa robar. Tsuntsaye na sauka a bakinsa su yi kashi a mazurari, sai a kafa wani turken da ya fi shi tsawo can nesa kaɗan su koma can. Ƙanƙara, wadda kan zo da hadarin farkon damina, tana iya tsalle ta fice daga mazurarin ko ta fasa gefensa. In aka yi ɗan ruwa da rana aka bari sai gobe, zafi na iya shanye wani abu daga ciki, ko da yake ƙaramin ramin mazurarin na rage wannan sosai. Shi ya sa bokiti ko gwangwanin madara da rula ba sa maye gurbinsa. Babban aibinsa dai shi ne yana buƙatar mutum kullum. A makaranta, hutun ƙarshen zango na faɗawa daidai Agusta, watan da ya fi kowane ruwa. In ba a shirya da mai gadi ko wani malami da ke kusa ba, littafin zai rasa zuciyarsa.

Akwai kuma abin da ba aikinsa ba ne, kada a ɗora masa. Ba zai gaya wa mazaunin bakin kogi cewa ambaliya na tafe ba. Kogin Kaduna daga tsaunukan Jos ya taso, ruwan da ke cika shi ya sauka ne a wurare masu nisa kwanaki kafin ya iso gadar cikin gari. Ana iya samun sifiri a ma'aunin Barnawa ranar da kogi ke hawa. Wannan sai a bi sanarwar hukumar NIHSA mai lura da koguna da ta NiMet mai lura da yanayi, wadda ke fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara har da fassarar Hausa. Haka kuma ma'auni ɗaya ba ya wakiltar gari. Hadari ɗaya kan jiƙa Kawo ya bar Kakuri a bushe. Jihar kanta ba ɗaya ba ce: Zariya na samun kimanin milimita 1,000, Kafanchan da kewayenta sun fi Kaduna ruwa nesa ba kusa ba. Wanda ya kwatanta littafinsa na Kachia da tsohon lissafin Samaru zai ga kowace shekara ta fi ta da.

Amfanin da zai fara bayarwa tun shekarar farko na shuka ne. Ɗaya daga cikin ƙa'idojin da masana aikin gona ke bi a yankin Sahel ita ce damina ta kama idan aka samu milimita 20 cikin kwana uku, ba a kuma samu tsayawar ruwa ta fiye da kwana bakwai ba a cikin wata ɗaya da ya biyo baya. Rabin farko na ƙa'idar ma'auni zai nuna shi nan take. Ruwan da ya zo da iska da tsawa ya tsorata gari yana iya zama milimita 8 kacal, wanda bai jiƙa ƙasa ya kai zurfin irin masara ba, kuma shi ne ke sa a yi shuka ta ƙone a sake sayen iri. Rabi na biyu sai an tara shekaru kafin a san sau nawa ruwan Afrilu ke yaudara a wannan gona. A littafin, ban da jimlar wata, a riƙa fitar da abu huɗu a ƙarshen kowace damina: ranar ruwan shuka, ranar ruwan ƙarshe, tsayawar ruwa mafi tsawo a tsakani, da ruwan kwana ɗaya mafi yawa. Shekara biyu na iya samun jimla ɗaya, ɗaya ta cika rumbu, ɗayar kuma ruwan ya tsaya lokacin da masara ke fitar da gemu.

Kafin a ce shekara ta fita daban, masana yanayi na kwatanta ta da matsakaicin shekara 30, kuma wanda ake amfani da shi yanzu na 1991 zuwa 2020 ne. Mai sabon ma'auni ba shi da wannan, amma yana iya aro. Akwai lissafin ruwa na tauraron ɗan'adam mai suna CHIRPS, kyauta a intanet, wanda ya faro daga 1981 yana kuma raba ƙasa gida-gida kimanin kilomita biyar-biyar. Ya ƙunshi 1983 da 1984, bai kai ga 1973 ba. Yana da kyau a jimlar wata da ta shekara, yana da rauni a ruwan kwana ɗaya. Na shekarun da suka gabaci haka sai a nemi alƙaluman tashoshin NiMet, ko na Samaru, ko takardun lardi, a haɗa da labaran da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta riƙa bugawa tun daga 1939 don a san yadda mutane suka ji shekarar a jikinsu.

Littafin kansa ya zama mai bango mai tauri, a rubuta da biro, shafi ɗaya wata ɗaya. A shafin farko a rubuta sunan wurin, da irin ma'aunin, da tsawonsa daga ƙasa, da nisan bishiya ko gini mafi kusa, da lokacin karatu. Duk ranar da aka matsar da turke, ko aka canja bututu, ko maƙwabci ya ɗaga bene a gabas, a rubuta da kwanan wata. A ƙarshen kowane wata a ɗauki hoton shafin da waya a tura wa mutum biyu, domin gara da ɗigar rufi sun cinye littattafan awo da yawa a ofisoshin gona da makarantu.